A Riƙa Duba Ƙananan Tiyon Iska Kafin A Kwance Injin Mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu tsofaffin motoci da makanikai kan wani ƙaramin abu da ake rainawa, alhali yana jawo asarar kuɗi, wani lokacin ma yana jefa rayuka cikin haɗari, wato ƙananan tiyon roba da ke zagaye da injin mota.

Inji mai amfani da fetur, idan yana aiki, zuƙar iska yake yi da ƙarfi, kuma masu ƙera mota sun yi dabarar amfani da wannan zuƙa ta hanyar jan ta cikin siraran tiyo zuwa sassa dabam-dabam. Da ita ake daidaita lokacin bayar da wuta a motoci masu kafireto irin su Fijo 504, da ita ake daidaita ƙarfin man da ke zuwa nozul a motoci da yawa na shekarun 1990, kuma ita ce ke sa birki ya yi laushi a ƙafa. A tsohuwar Marsandi mai shan gas, wato man dizal, wadda famfo na musamman ke samar mata da zuƙar, har kashe injin ma da ita ake yi, shi ya sa za ka ga an zare makulli amma injin bai mutu ba.

Yawancin motocin da talaka ke hawa a Arewa sun haura shekara 20, kuma robar da ke jikinsu ita ce wadda suka fito da ita daga kamfani. Zafin inji, da tururin mai, da zafin bazara wanda kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, duk suna busar da roba har ta tsattsage, musamman a bakin da aka cusa ta. Da zarar ta tsage, iskar da ba a auna ba ta shiga, man ya yi wa iskar kaɗan, sai mota ta fara karkarwa a tsaye, silo, wato gudun inji idan ba a taka totur ba, ya riƙa hawa da sauka, ko ta mutu a danja.

A nan ne ake tafka asara. Sai a canja fulogi, a wanke nozul, a sayi famfon mai, wani lokacin har a ɗora wa kwamfutar mota laifi, alhali ba wanda ya sunkuya ya saurari sautin iskar da ke shiga ta tsagar. Wani bakaniken kuma sai ya ƙara silo don ya ɓoye matsalar, mota ta ci gaba da shan mai fiye da ƙima, a wannan zamani da farashin fetur ya ninka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne toshe tiyo da ƙusa, ko ɗaure shi da igiyar roba a ce ya yi.

Gyaran ba shi da wuya, amma yana son natsuwa. A bari inji ya huce, a riƙa cire tiyo ɗaya ana maye gurbinsa kafin a taɓa na gaba, domin idan aka tuɓe su gaba ɗaya, sai a rikita mahaɗarsu. Motoci da yawa suna da zanen hanyoyin tiyon a manne a cikin bonet. A yanki guntun tsohon a tafi da shi kasuwa, Ƙofar Ruwa ta Kano ce ko Panteka ta Kaduna, don a sami mai faɗin rami daidai, kuma kada a ja sabon kusa da bututun hayaƙi.

Tiyon birki kuwa daban yake, domin yana da kauri don kada zuƙa ta lotsa shi, kuma akwai ɗan bawul a hanyarsa da ke barin iska ta bi gefe guda kawai, saboda haka bai kamata a musanya shi da kowace irin roba ba. Direba zai iya gwada shi da kansa: ya kashe mota, ya tattaka birki har ya yi tauri, ya riƙe shi a take, sannan ya tayar da injin. Idan fedar ba ta ɗan nutsa ba, to kada ya ɗauki fasinja sai an duba.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da su sanya duba waɗannan tiyo cikin darasin farko da ake koya wa yaran gareji, su kuma shugabannin tashoshin mota su wajabta wa direbobin haya wannan gwaji na birki kafin a yi musu lodi.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano