Amsa ga mai tambayar yadda aka tabbatar da lambar firam mafi girma da aka sani

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaye mu a bainar jama'a: lambar nan da aka sanar a watan Oktoban 2024, mai alƙaluma 41,024,320, yaya aka yi aka san ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, wato firam ce, ko an gwada raba ta da kowace lamba ne? Tambayarka ta dace.

Ba a gwada ba, kuma ba zai yiwu ba. Lambobin da za a bi suna da yawan da shi kansa sai an rubuta shi da alƙaluma sama da miliyan 20, alhali ƙiyasin ƙwayoyin zarra na sararin da ake iya hangowa bai wuce alƙaluma 81 ba.

Sirrin yana cikin siffar lambar. An jera 2 sau 136,279,841, an ninka su da juna, an ɗebe 1. Irin waɗannan ana danganta su ga Marin Mersenne, malamin Faransa na ƙarni na 17, kuma wannan da Luke Durant ya gano a shirin GIMPS, na masu sa kai da ke neman irin waɗannan lambobi da kwamfutocinsu, ita ce ta 52 da aka sani firam ce. Mu kira yawan jerin p. Dole p ɗin kansa ya zama firam, amma hakan bai wadatar ba: idan p 11 ne ana samun 2047, wadda take 23 sau 89.

Gwajin da ke yanke hukunci Édouard Lucas ne ya kafa shi, da shi ya tabbatar da lamba mai p 127 a 1876 da hannu, sannan Derrick Lehmer ya gyara shi a 1930. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe ragowar kawai. Ka maimaita da ragowar, har zagayen ya kai p ban da 2. In ka ƙare a sifili, firam ce. In ba haka ba, tana rabuwa.

Ɗauki biro ka gwada da 31, inda p yake 5, zagaye uku ke nan. Daga 4 sai 14. Daga 14 sai 194, ragowarta 8. Daga 8 sai 62, wadda 31 ta raba daidai. Sifili. Ita kuwa 2047 a 1736 take ƙarewa bayan zagaye tara, sai dai gwajin ba ya faɗa maka wa ya raba ta.

Abin da ya fi burge mu shi ne rabawar ba ta buƙatar dogon aiki. Dubi 194 a gwajin 31: akwai 32 (wato 31 da 1) guda shida a ciki, saura 2, kuma 6 da 2 su ne 8 ɗin nan. Kwamfuta da 0 da 1 take lissafi, don haka yanke lambar kawai take yi gida biyu ta haɗa. Shi ya sa firam ɗin da ke kan gaba a girma cikin waɗanda aka sani 'yan gidan Mersenne ne.

Inda matsala take shi ne na'ura. Zagaye sama da miliyan 136 ne, kowanne ya dogara da na bayansa, kuskure ɗaya tak daga zafin inji ko lalacewar ma'adana ya isa ya ɓata sakamakon baki ɗaya ba tare da alama ba. Don haka ba a sanarwa sai an sake gwajin a wasu na'urori da manhajoji daban, sakamakon ya zo ɗaya.

Alƙalaminta na ƙarshe ma za ka iya gano shi da kanka. Ninkin 2 yana ƙarewa da 2, 4, 8, 6, ya sake zagayowa. Raba 136,279,841 da 4 yana barin 1, wato ninkin ya ƙare da 2, ka ɗebe 1, lambar ta ƙare da 1.

Wassalam.