Tsofaffin jiragen dakon mai da tutar haya

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan jiragen ruwan da ke zille wa takunkumi. Tun da ƙasashen G7, wato manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu, suka ƙayyade cewa kada farashin ɗanyen man Rasha ya wuce dala 60 kan ganga a Disambar 2022, tsofaffin jirage suka samu kasuwar dakon man a ɓoye. Sai su kashe na'urar nuna inda suke, su juye wa juna mai a tsakiyar teku.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tutar haya, wato jirgi ya yi rajista a wata ƙasa da ba ta masu shi ba, ya ɗauki tutarta. Jirgin Pablo da ya kama da wuta kusa da Malesiya a Mayun 2023, tutar Gabon yake ɗauke da ita, ga shi ya haura shekara 25. In irinsa ya malalar da mai a mashigin tekun Gini, wa zai biya masunta?

Naka,
Mai karatu daga Kano