Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Dakta Tedros: A Riƙa Biyan Masu Amsa Tambayoyin Lafiya ta Waya

Zuwa ga Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na yi watanni ina aikin buga wa mutane waya ina yi musu tambayoyi kan lafiyarsu: ko an taɓa auna musu hawan jini, ko suna shan taba, sau nawa suke motsa jiki a mako. Ba hukumarka ce ta ɗauke ni aikin ba, kuma ba zan kama sunan waɗanda suka ɗauke ni ba. Na doshe ka ne domin idan hukumarka ta ce ga yadda za a yi abu, ma'aikatun lafiya da masu ba da kuɗin bincike suna kasa kunne.

A farkon kowane kira akwai maganar da aka rubuta mana mu karanta, cewa wanda ya amsa tambayoyin har ƙarshe za a tura masa katin waya tukuici. Na karanta wa wata dattijuwa ita. Wayar ɗanta ce, cajin ya kusa ƙarewa, amma ta zauna da ni kusan minti ashirin, har abin da ba ta gaya wa 'ya'yanta ba game da ciwon sukarinta ta gaya mini. Bayan mako guda ta kira layinmu da kuɗinta, ta ce, "Ɗana, katin nan fa bai shigo ba." Na ba ta haƙuri, na kai maganar sama, aka ce ana kan gyara. Har aikin ya ƙare ba a tura mata ba. Amsoshinta kuwa sun shiga rahoto. Da bakina na yi mata alƙawarin nan, kuma har yau abin yana cin raina.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma ɓarnar ba ta tsaya a kanta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gobe idan wani bincike ya kira wannan gida, za a kashe wayar tun kafin a gama sallama, a kuma gaya wa maƙwabta su kashe. Dama can mutane a tsorace suke da baƙuwar lamba saboda 'yan damfara. Duk katin da aka yi alƙawari ba a tura ba, ya ƙara tabbatar musu cewa mu da 'yan damfarar jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ka fi ni sanin cewa tukuicin nan yana aiki. Tun da gidauniyar Bloomberg ta fara shirin tattara bayanan lafiya a 2015, aka soma gwada binciken cututtukan da ba sa yaɗuwa ta wayar hannu, hukumarka na cikin abokan tafiyar. Masana daga Jami'ar Johns Hopkins sun gwada a Bangladesh da Yuganda da irin kiran nan na muryar da aka naɗa, wanda ake cewa danna 1 ko danna 2. Wasu ba a yi musu alƙawarin komai ba, wasu aka ce za a ba su kati, wasu aka ce za a saka su a ƙuri'ar cin kyautar kati. Waɗanda aka yi wa alƙawari sun fi tsayawa su kammala. To in an san haka, me ya sa har yanzu ake ɗaukar kuɗin mai amsawa kamar alfarma, abin da ake fara yankewa idan kasafi ya matse? Ana biyan kamfanin waya, ana biyan mai nazarin alƙaluma, ana biyana ni mai buga wayar. Wanda bayanin ya fito daga bakinsa shi kaɗai ake ce wa ya yi don taimakon al'umma.

Maganar ƙuri'ar ma ba ta kwanta mini ba, ko da ta kawo masu amsawa. Mutum ashirin su ba da lokacinsu, ɗaya ya samu, sauran su tashi hannu wofi. Da yawa kallon caca suke yi mata, kuma kalmar "za ka iya cin kyauta" ita ce ainihin kalmar da macuta suke buɗe baki da ita. Kaɗan mai tabbas ya fi mutunta mutum.

Na san abin da za a ce: wai kuɗi zai ruɗi talaka ya shiga abin da ba ya so. Ƙa'idojin binciken lafiya na 2016 na CIOMS, wato majalisar ƙungiyoyin kimiyyar likitanci ta duniya, waɗanda aka tsara tare da hukumarka, sun yarda a mayar wa mai shiga bincike abin da ya kashe, a kuma biya shi lokacinsa daidai gwargwado. Abin da suka hana shi ne yawan da zai rufe wa mutum ido. Katin waya na ladan minti ashirin bai kai nan ba. Mai aikin yini da ya ajiye aikinsa, da matar da sai ta ari waya, da wanda sai ya biya kafin a sa masa caji, su ne kiran yake ci wa wani abu. Idan babu tukuici su suke fara ajiye waya, sai a ƙare da amsoshin samari maza masu ilimi mazauna birni, a ce ga hoton lafiyar ƙasa. Da wannan hoton za a yanke yawan maganin hawan jini da za a saya da inda za a kai shi.

Ranka ya daɗe, hukumarka ce ta fitar da rahoton SCORE, mai duba yadda ƙasashe ke tattara bayanan lafiya, a 2021, ta shaida wa duniya cewa huɗu cikin kowace mutuwa goma ba a yi musu rajista. Ku ne kuke nanata cewa cututtukan da ba sa yaɗuwa suna kashe sama da mutum miliyan 40 a shekara. An yi alƙawarin rage mutuwa da wuri da suke jawowa da kashi ɗaya cikin uku kafin 2030, aka ce ba za a bar kowa a baya ba. Alƙawari kaya ne. Ga shi a 2025 Amurka ta yanke kuɗin shirin DHS na binciken yawan jama'a da lafiyarsu, wanda ya shafe shekaru kusan arba'in yana bin gida-gida. Ƙasashe da yawa za su ƙara jingina da waya saboda arha, kuma ina tsoron a kan mai amsawa za a nemi arhar.

Don Allah ka sa baki. Ka sa ya zama sharaɗi a duk binciken waya da hukumarka take da hannu a ciki, ko take amfani da alƙalumansa, cewa an ware kuɗin masu amsawa tun a kasafi, kuma katin ya shiga a ranar da aka gama kira. A rubuta a rahoto mutum nawa aka yi wa alƙawari, nawa suka karɓa. A ba da lambar da za a kira kyauta a kai ƙorafi. Akwai batun harshen da ake tambaya da shi, da lokacin da ake kiran mata, da inda lambobin mutane suke ƙarewa bayan an gama, amma waɗannan sai wani jiƙon.

Wa'adinka zai ƙare a 2027, akwai sauran lokacin da za a rubuta wannan sharaɗi a kuma ga an fara aiki da shi. Ita dattijuwar, lambarta tana cikin kwamfutar da aka karɓe daga hannuna ranar da aikin ya ƙare, ba ni da hanyar da zan same ta.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin tattara bayanan lafiya ta waya