Wasiƙa Kan Motocin Bulo Masu Rikiɗa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka, kuma na yi murna da jin cewa kai ma sha'awar motocin nan na bulon wasa masu rikiɗa su zama mutum-mutumi ta kama ka. Ka tambaye ni da wanne ya kamata ka fara, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake.

Abin da za ka fara bambancewa shi ne, kayan nan iri biyu ne, ko da yake hotunan da ke jikin kwalayensu kan yi kama da juna. Akwai wanda idan ka harhaɗa mota, sai ka wargaza ta gaba ɗaya kafin ka gina mutum-mutumin da bulullukan nata. Haka yawancin kayan Kre-O na farko suke, waɗanda kamfanin Hasbro ya fito da su a 2011. Akwai kuma wanda sau ɗaya ake gina shi, daga nan sai dai a lanƙwasa nan, a juya can, ya tashi daga mota ya koma mutum ba tare da an rushe ginin ba. A ganina na biyun ne ya cancanci wahalarka, domin na farkon gini biyu ne kawai aka zuba a kwali ɗaya.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara da mutum-mutumin Optimus Prime na kamfanin LEGO, mai lamba 10302, wanda ya fito a 2022 da bulo guda 1,508, tsayinsa kuma idan ya miƙe ya kai kimanin santimita 35. An tsara shi ne bisa siffar da aka san shi da ita, wato jan kan tirela mai shuɗɗan ƙafafu, tun 1984, lokacin da Hasbro da kamfanin Takara na Japan suka gabatar da kayan wasan nan masu rikiɗa da ake kira Transformers. Daɗin aikinsa yana cikin ƙirjin. Za ka daɗe kana jera ƙananan mahaɗai da maƙalai waɗanda ba ka san amfaninsu ba, har ka fara zargin littafin umarnin, sai can gaba ka tarar ashe gurbi ake tanadar wa kai da hannuwa, inda za su shige su ɓuya idan ya koma mota. Gilasan gaban motar su ne ƙirjinsa, ƙafafunsa kuma su ne ke miƙewa baya su zama inda tayoyin baya suke. Wanda ya sayi irin wannan abin wasa a haɗe yana ganin rikiɗar ne kawai, amma wanda ya gina shi da hannunsa ya san dalilin kowace gaɓa.

Yana da nasa aibin, ba zan ɓoye maka ba. Gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa, don haka tsayuwarsa a sandare take kamar soja a fareti, kuma ba a haɗo shi da bayan tirelar ba. Ni dai na yi wa masu zanen uzuri a kan gwiwar, domin jiki mai wannan nauyi idan aka sa masa mahaɗa mai motsi a tsakiyar ƙafa, da wuya ya tsaya bai durƙushe ba. Wani mutum-mutumin na LEGO mai suna Bumblebee, mai lamba 10338, wanda ya biyo baya a 2024 da bulo guda 950, ya fi ƙanƙanta, sai dai matakan rikiɗarsa sun fi son lallaɓawa, shi ya sa nake ganin ka bar shi ya zama na biyu.

Idan ka zo haɗawa, kada ka farke ledojin gaba ɗaya. Kowace da lambarta, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka zuba abin da ke ciki a faranti mai baki don kada ƙananan su gangare. Ka lura sosai da ɓangarorin dama da hagu, domin sun yi kama ƙwarai, kuma idan aka juya mahaɗa ɗaya a hannu ko kafaɗa, kuskuren ba ya bayyana sai ranar da aka zo naɗe shi ya ƙi shiga. In wata gaɓa ta cije, kada ka sa ƙarfi, ka koma baya ka duba. Sitika kuwa, ka ɗora ta a bakin ɗan abin ɓamɓare bulo sannan ka saita ta, ya fi yatsa daidaito.

Game da ajiya, robar ABS da ake yin bulon da ita tana da ƙarko, amma hasken rana yana sa farare da masu ruwan toka su koma rawaya, don haka ka nisanta su da taga, ka riƙa share ƙura da burushi mai laushi. Na san akwai masu tarawa da ba sa buɗe kwali ko kaɗan, suna jiran ya yi daraja bayan an daina buga shi. Ra'ayinsu ne, amma ni ban ga amfanin mallakar abin da aka yi don ya rikiɗa alhali ba a taɓa juya shi ba. Littafin umarnin dai ka adana shi, domin matakan rikiɗar suna ciki, kuma mutum kan manta su.

Idan ka kai ga ƙirjin, ka rubuto mini ko kai ma ka gane inda aka dosa kafin littafin ya nuna maka. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Wassalam,
Naka amini.