Wasiƙa daga Maraɗi: na kai takardar idona jami'a

Maraɗi, unguwar Zariya

Abokina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da karatu da sanyin Maroko. Mutanen gida duk lafiya lau. Inna ba ta gajiya da tambayarka, ta ce ta ajiye maka ƙuli-ƙuli na gyaɗar bana, ko da zai kai shekara kafin ka zo. Mu nan hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, ka kuma san yadda hazo yake yi da idona.

Maganar idon ce ma ta sa na zauna rubuta maka wannan doguwar wasiƙa. Na yi abin da ka daɗe kana roƙona in yi: na je na sanar da jami'a a rubuce cewa ina da raunin gani, na nemi a gyara mini yadda nake karatu da jarrabawa.

Kai ne ka fi kowa sanin yadda na gama sakandare. Shekara uku kana zaune kusa da ni, kana karanta mini abin da ke kan allo a hankali don kada a ji, da yamma ka ba ni littafinka in kwafe. Da ka tafi sai na gane kai ne idona. A jami'a ɗakin karatu babba ne, ɗalibai sun cika shi maƙil, in ban yi sammako ba sai kujerar baya, allo kuwa daga can fari ne fat. Ban gaya wa kowa ba. Ina zaune ina motsa alƙalami kamar mai rubutu. A jarrabawar zangon farko, rabin lokacina ya ƙare wajen karanta tambayoyi, takarda a bakin hancina. Darasin da na sani kamar yunwar cikina, 6 bisa 20 na samu.

Ka san abin da ya hana ni magana? Tun muna yara, duk inda aka ce makaho a garin nan, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne sanda da ƙoƙo da yaro ɗan jagora a bakin babbar kasuwa ko ƙofar masallacin Juma'a. Na ji tsoron ranar da zan furta da bakina, a ɗauke ni a aje cikin masu bara. Kawu ne ya zaunar da ni bayan sakamakon ya fito, ya ce, "Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Daren nan ban yi barci ba.

Na fara da likitan ido. Ya auna ni, ya tabbatar da abin da muka sani, cewa ciwon a can bayan ido yake, tabarau ba ya maganinsa. Na roƙe shi kada ya tsaya ga sunan ciwon kaɗai, ya rubuta abin da yake hana ni: ba na ganin allo daga nesa, ƙananan haruffa sai da wahala, kuma ganina yana raguwa in haske ya yi ƙasa. Wannan ya yi mini amfani ƙwarai, don malamin lissafi bai san sunayen cututtukan ido ba, amma ya san ma'anar ɗalibi ba ya ganin allo.

Daga nan na je wajen mutanen tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar. Wani dattijo makaho, wanda ya yi karatunsa da rubutun makafi na Braille, ya riƙe ni kusan awa biyu. Daga bakinsa na fara jin cewa Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar ya ambaci karatun gaba da sakandare, ya ce a yi wa ɗalibi gyaran da ya dace da halinsa don ya yi karatu daidai da kowa. Ya ce muna da dokarmu ta gida tun 1993, ga kuma wata ta watan Disamba 2019, mai lamba 2019-62. Wallahi shekarata ashirin da ɗaya a ƙasar nan, ban taɓa jin ko ɗaya ba. Ya sa na rubuta lambobin a cikin takardar neman, ya kuma ja kunnena kada in rubuta "a taimaka mini" kawai. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in faɗi abin da nake so ɗaya bayan ɗaya.

Haka na yi. Na nemi kujera a layin gaba, da izinin ɗaukar muryar malami a salula, da a riƙa ba ni darussa ta kwamfuta don manhajar NVDA, wadda kyauta ce, ta karanta mini. Na jarrabawa kuma, a buga mini tambayoyi a takardar A3 maimakon A4, abin da na'urar fotokopi mai ɗaukar A3 ke yi in an sa ta a kashi 141, sannan a ƙara mini kashi ɗaya bisa uku na lokaci, irin yadda ake yi a Faransa. Jarrabawar awa uku ta zama huɗu ke nan, ta awa biyu ta zama biyu da minti arba'in.

Akwai abu guda da ya faru da har yanzu in na tuna ƙirjina yana zafi. A wani ofishi, mutumin da na miƙa wa takarda bai ko karanta ta ba. Ya dube ni ya ce, "Allah sarki, Allah ya sawwaƙe," ya sa hannu aljihu ya ciro dala ɗari ya miƙo mini. Na san ba da mugunta ya yi ba, abin da ya saba ke nan. Amma shi ne ainihin abin da na shekara ina gudu. Na ce, "Baba, na gode, ba wannan ya kawo ni ba. Hatimi nake so a buga mini a kan kwafina, a rubuta ranar da aka karɓa." Ya ɗan yi shiru, ya mayar da kuɗinsa, ya ja takardar ya karanta ta har ƙarshe. Ya buga hatimin.

Bayan mako uku amsa ta fito. An ba ni kujerar gaba da manyan haruffa da ƙarin lokaci. Ɗaukar murya an bar wa kowane malami ya yanke, yawancinsu sun yarda, wasu sun ƙi, kuma ban daina bin su da lallami ba. Kwafin nan mai hatimi kullum yana cikin jakata, don mai tsaron jarrabawa ba lalle ya san da maganar ba. Wasu ɗalibai sun yi gunaguni wai an fifita ni. Na ce wa ɗaya tambayoyinmu iri ɗaya ne, mai gyaran takarda ɗaya ne, ƙarin lokacin kuma wajen karanta tambaya yake tafiya, wadda shi yake gamawa da kallo ɗaya. Darasin da na faɗi, a zagaye na biyu na samu 13.

Yanzu ga roƙona. Ƙanwarka da shan inna ya taɓa wa ƙafa za ta zauna jarrabawar bak ta gama sakandare bana, kuma na san ta, ta fi ni zurfin ciki. Don Allah ka kira ta. Ka ce ta nemi takardar likita tun yanzu, ta kai ta tare da takardun rajistar jami'a, kada ta jira sai ta faɗi zango kamar ni. Ita buƙatarta daban ce: ɗakin kwana a ƙasa, kusa da wurin cin abinci, aji wanda ba sai an hau bene ba, da hanyar da kekenta zai bi ba tare da ya nutse cikin rairayi ba. Irin waɗannan tun kafin a raba ɗakuna ake nemansu. In Baba ya yarda, ran da za su zo daga Tasawa ni zan raka su wajen dattijon nan, mu rubuta takardar tare.

Ka rubuto mini yadda ake yi wa ɗalibai irina a jami'arku, ina so in kai wa ƙungiyar ɗalibanmu. In za ka amsa, ka aiko da murya ta WhatsApp, ya fi mini sauƙi, kuma na yi kewar muryarka. Ka gaida abokan zamanka.

Wassalam,
naka har kullum,
abokinka na Maraɗi