Amsa ga Ɗiyata da Ta Tambaye Ni kan Sana'ar Murya

Assalamu alaikum, ɗiyata.

A shirin tattaunawar da aka gayyace ni a rediyo kwanakin baya kin bugo waya, kika ce ke ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan kika yi mini tambaya biyu a kunnen jama'a: ko aikin murya sana'a ce da mace za ta dogara da ita, da kuma ko ban yi nadamar zama a bayan makirufo ba alhali wasu takwarorina sun tafi Kano sun yi suna a fim. Lokaci ya ƙure kafin in ba ki amsar da ta dace, kuma tun da a fili kika yi tambayar, na ga ya kamata amsar ma ta zo a fili.

Batun nadama ba shi da tsawo: ban yi ba. Lokacin da na shiga wasan kwaikwayo babu abin da ake kira Kannywood, domin Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin farko na wannan masana'anta, sai a 1990 ya fito a Kano. Kafin nan gidajen rediyo da talabijin ne makarantarmu. Daga Kaduna ake sauraron Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, a nan Sakkwato kuma gidan talabijin na NTA yana nuna Idon Matambayi, yara da manya suna cika tsakar gidan da yake da akwatin kallo. Na fito a gaban kyamara, na kuma yi wasan rediyo, kuma da hankalina na zaɓi na biyun, saboda na lura cewa a can ne aka fi bukatar abin da Allah ya ba ni.

Mutane suna ɗauka cewa duk mai zaƙin murya ya iya wannan aiki, amma zaƙin murya shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema. 'Yar wasan da ke gaban kyamara tana da ido da hannu da sutura, idan ta harari kishiyarta kowa ya gani. Ke kuwa dole ki sa mai sauraro ya ji hararar a cikin gaisuwar da kika yi. Za ki koyi tazarar da ke tsakanin bakinki da makirufo, ki san inda za ki ja numfashi ba tare da an ji ba, ki juya takarda babu ƙara, ki yi kuka na minti biyu sannan ki koma muryar tsohuwa a fitowa ta gaba. A zamaninmu a kan zaren faifai ake ɗauka, wanda ya yi tuntuɓen harshe sai a sake fitowar tun daga farko, ko kuma mai haɗa sauti ya sa reza ya yanke wurin ya liƙe, don haka babu mai shiga ɗakin ɗauka bai haddace rabonsa ba. Ga kuma rubutun boko, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ta yadda mai karatu da ba ta fahimci zancen ba za ta furta kalma daidai da harufanta amma ta ɓata ma'anar. Kwamfuta ta sauƙaƙa yanka da liƙi, ba ta sauƙaƙa wannan ba. Ko a fim ɗin ma, ki tuna marigayiya Saratu Giɗaɗo, da aka fi sani da Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024: daga ɗaki na gaba ake gane cewa Daso ce take faɗa, tun kafin a leƙo a ga fuskarta.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne harshen garinku. Ki iya daidaitacciyar Hausa, domin da ita ake karanta labarai da yawancin tallace-tallace, kuma masu fassara fina-finan Indiya a Kano ita suke nema, tare da saurin bakin da zai bi motsin leɓen jarumar. Amma kada ki bari kowa ya sa ki ji kunyar Sakkwatanci. Ya daɗe yana ɓata mini rai yadda wasu masu shirya fim ba sa tuna shi sai sun tashi ba da dariya ko nuna baƙauye. A shekarun da aka yi ana fama da cutar shan inna, har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka a watan Agustan 2020, sanarwar riga-kafin da muka ɗauka da harshen gida ita ce matan Gwadabawa da Tangaza da Illela suke tsayar da daka su saurara, har ta tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni, domin sun ji muryar da ta yi kama da ta 'yar'uwarsu.

Sai batun abinci, wanda a nan ne ba zan yi miki daɗin baki ba. Aikin murya kaɗai da wuya ya riƙe gida, kuma fim ɗin da ake hange ma ba kowa yake riƙewa ba. A farkon 2022 Hajiya Ladin Cima, bayan shekaru masu yawa a wasan kwaikwayo, ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce 'yan dubban naira ba. Wasu masu shirya fim sun musanta, aka yi ta muhawara, amma mu da muke cikin sana'ar ba mu ji wani baƙon abu ba. Ni kaina wani kamfani ya taɓa biya na sau ɗaya a kan tallar daƙiƙa 60, aka ce za a sa ta na ɗan lokaci, sai ga shi na shekara da shekaru ina jin muryata a tashoshin da ban taɓa taka ƙafata ba, kuma ba ni da takardar da zan nuna wa kowa.

Saboda haka ki kammala karatunki, ki haɗa muryar da wani abin da ke tafiya da ita, ko fassara, ko rubutun wasa, ko haɗa sauti. Kuma kada ki buɗe baki a gaban makirufo sai an rubuta yarjejeniya: nawa za a biya, a waɗanne tashoshi za a sa, har zuwa yaushe, kuma me za a ƙara idan an wuce wa'adin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince da haƙƙin masu wasa a kan abin da suka gabatar, sai dai alƙali da takarda yake aiki. Yanzu da ake iya koya wa na'ura kwaikwayon muryar mutum daga abin da aka ɗauka, ki sa a rubuta ƙarara cewa ba ki yarda a yi haka da taki ba sai da izininki da kuma wani biyan daban.

Ki gaida mahaifanki, kuma ki nuna musu wannan wasiƙa kafin ki yanke shawara.

Wassalam,
Uwarki a sana'a,
Sakkwato.