Tsarin Waliyyi Vincent de Paul na ciyar da marasa lafiya

Ya Edita,

Ranar 27 ga Satumba mabiya ɗariƙar Katolika ke tunawa da Waliyyi Vincent de Paul, limamin Faransa da ya rasu a wannan rana a 1660. Paparoma Clement XII ya sanya shi cikin waliyyai a 1737. Abin da ya fi cancantar a duba shi ne yadda ya tsara taimako.

A 1617, a garin Châtillon, ya yi wa'azi kan wani gida da ciwo ya kwantar da kowa. Jama'a suka yi tururuwa da abinci rana ɗaya. Ya lura wani ɓangarensa zai lalace, bayan kwana kaɗan kuma yunwa ta dawo. Sai ya haɗa mata cikin ƙungiya, kowacce da ranarta: ta dafa, ta kai, ta zuba wa majinyaci da hannunta. Ta fara da waɗanda ke da mai kula da su, ta ƙare da wanda ba shi da kowa, domin ta daɗe wurinsa.

Ƙungiyar da wani Bafaranshe, Frédéric Ozanam, ya kafa da sunan Waliyyi Vincent a 1833, wadda ke majami'un Najeriya, tana ziyarar gidaje mutum bibbiyu, a kuma tara kuɗi cikin jaka a asirce don kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya.

Naku,
Wani mai karatu, Jos